Kumburi a matsematsin Baba bayan aikin zuciya: mu jira ko mu koma asibiti?

'Yar Mabera: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawarar waɗanda suka sani nake nema, kuma da gaggawa. Mahaifinmu aka yi wa aikin zuciya a Abuja, irin wanda ake zura siririyar roba ta jijiyar matsematsi har ta kai zuciya. Sun tarar jijiya ɗaya ta kusa toshewa, suka buɗe ta, suka sa mata ɗan ƙarfen nan da suke kira sitent. Yau kwana 6 da aikin, shekaranjiya muka dawo Sakkwato a mota. Ciwon ƙirjin ya tafi, alhamdu lillahi. Amma tun jiya na lura yana ɗingishi, in zai zauna sai ya dafa bango ya miƙe ƙafar dama. Na tambaye shi, ya ce ba komai. Da daddare Inna ta ja ni gefe ta ce wurin da aka huda ya kumbura, cinyar kuma ta yi baƙi har kusan gwiwa. Ni mace ce, ba zai taɓa bari in gani ba, yayanmu namiji kuwa yana Birnin Kebbi wurin aiki. Kawunmu ya ce kaluluwa ce, a kira wanzami. Inna har ta ɗora ruwan zafi za ta gasa masa, na roƙe ta ta dakata in yi tambaya tukuna.

Baba na Kanwuri: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah shi ba shi lahiya. Ni ma an yi mani aikin ga, shekaru sun ja. Cinyata dut ta yi baƙi hal na tsorata. Likita yac ce jini na yak kwanta ƙarƙashin hwata, shi ka washewa da kainai. Haka kuwa anka yi, cikin sati ukku yaw washe. Wani ɗan ƙulli yar rage, bai kai goro ba, shi ma daga baya ban ƙara jin shi ba. Ku kwantar da hankalinku.

Hajiyar Gwiwa: Allah ya ƙara sauƙi. Ki bar Inna ta gasa masa mana, a shafa man zafi a ɗan murza. Jinin da ya kwanta ai ruwan zafi ne maganinsa.

Nas Arkilla: Hajiya don Allah a'a. 'Yar'uwa, kin yi daidai da kika tsayar da ruwan zafin nan. Kada a gasa, kada a murza, kada a shafa komai, wanzami kuwa ko ƙofar ɗakin kada ya zo. Abin da Baba na Kanwuri ya faɗa gaskiya ne, yawancin waɗanda aka yi wa aikin nan cinyarsu tana baƙi, launin ya riƙa sauka ƙasa yana canzawa har ya washe cikin mako biyu zuwa uku. Baƙin ba shi ya dame ni ba. Kumburin da ɗingishin su suka dame ni.

Ki sa Inna ta wanke hannu, Baba ya kwanta rigingine ya miƙe ƙafa, ta duba mana waɗannan. Girman kumburin kamar me? Daga jiya zuwa yau ya ƙaru? Ta aza yatsu uku a kansa a hankali ba dannawa: tana jin yana harbawa daidai da bugun zuciya? Ta taɓa tafin ƙafafunsa biyu, akwai wadda ta fi sanyi, ko yana jin ta dindiris? Sannan ki tambaye shi da kanki ko yana jin ciwon baya ko kwiɓi a ɓangaren dama, ko jiri in ya miƙe. Wurin yana zafi, ko ruwa na fita? Jikinsa da zazzaɓi?

Ɗan Runjin Sambo: Ni dai abin da ke ba ni haushi ke nan da likitocinmu. Abokin kasuwancina ta wuyan hannu aka yi masa a Masar, da yamma yana yawo. Su nan sai su kama dattijo su huda masa matsematsi. Kuma maganin tsinka jinin da suka ba shi, ai shi ke hana wurin warkewa. Ki dakatar da shi kwana biyu jinin ya daskare, in kumburin ya sace sai ya ci gaba.

'Yar Mabera: Anti Nas, Inna ta duba. Ta ce ya kai ƙwan kaza, jiya kuwa bai kai haka ba. Yana harbawa, har ta ce ana ganin motsinsa da ido in an haska fitila. Ƙafafun duka da ɗumi. Ba ciwon baya, ba jiri, ba zazzaɓi. Amma ya amsa mata cewa yana masa zogi sosai, daren jiya bai runtsa ba. Maganar maganin da yayan nan ya yi fa? Guda biyu ne, asfirin da clopidogrel. Na dare bai sha ba tukuna.

Likitan Gawon Nama: Ƙanwata, ki ba shi maganinsa yanzu, a lokacin da ya saba sha. Ɗan'uwa na Runjin Sambo, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma wannan shawara tana iya kashe shi, kuma ina roƙon mai kula da zaure ya sa mata alama. Sitent ɗin da aka sa masa kwana 6 da suka wuce ƙarfe ne tsirara a cikin jijiyar zuciya, jiki bai rufe shi da nama ba tukuna. Magungunan nan biyu su ke hana jini daskarewa a kansa. In aka dakatar da su a makonnin farko, jini na iya toshe shi farat ɗaya, wato bugun zuciya mai tsanani, sau da yawa ya fi wanda aka je gudu muni. Shi ya sa ake shan su tare wata 6 zuwa 12, gwargwadon abin da likitan zuciya ya tsara. Ba wanda ke da ikon tsayar da su sai shi.

Kumburin kuma. Kumburi mai harbawa, mai ƙaruwa, mai zogi, a daidai inda aka huda babbar jijiya, ba kaluluwa ba ce har sai hoto ya nuna haka. Kaluluwa ƙulli ne da ke tasowa saboda rauni ko ƙwayar cuta a ƙafa. Abin da nake zargi shi muke kira sudo-anurizim. Robar da aka zura tana barin huda ta wajen milimita 2 a jikin jijiyar cinya, kuma jinin cikinta da ƙarfin famfon zuciya yake tafiya. Shi ya sa bayan an zare robar ake danne wurin minti 15 zuwa 20, mutum ya kwanta awa 4 zuwa 6 bai lanƙwasa ƙafa ba. Wani lokaci hudar ba ta rufewa duka. Duk wanda ya taɓa ban ruwan albasa a fadama ya san tiyon da aka binne ya huje: ruwan ba ya ɓulla waje nan take, rami yake ci a ƙarƙashin ƙasa, yana shiga yana juyawa. Haka jinin ke yi, ya yi aljihu a cikin nama, kowane bugun zuciya ya ƙara tura masa. Wannan ne harbawar da Inna ta ji.

To ku duba abin da aska za ta yi a nan. Wanda ya yi wa wurin nan sakiya ba ƙurji ya fasa ba, babbar jijiya ya buɗe, a jikin mutumin da ke shan magungunan tsinka jini biyu. Murzawa na iya fasa shi, ruwan zafi kuwa buɗe jijiyoyi yake ya ƙara zubar.

Gaskiya ne, wani lokaci gudan jini ne kawai ya kwanta a kan jijiyar, bugunta yake ɗauka. Hannu ba ya iya rabewa, sai sikanin mai nuna gudun jini, wanda ake kira Dofla. Ba ya ciwo, bai wuce 'yan mintoci ba. Ku kai shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a daren nan, kada ku jira safiya tunda yana ƙaruwa.

Mai kula da zaure: Na sa alama a kan maganar dakatar da magani. Kada kowa ya bi ta.

Ɗan Gidan Wanzamai: Ni gidan aska aka haife ni, kuma har gobe ina riƙe da zabira. Ina so kawun nan ya ji daga bakinmu: wannan ba aikinmu ba ne. Mahaifina ya hore mu tun muna yara, kumburin da ka aza hannu ka ji yana numfashi, ka mai da askarka kube ka ce a kai asibiti. Ƙaho ma ba na yi wa mai shan maganin tsinka jini, don tsagar ba ta tsayawa. Duk wanzamin da ya karɓi aikin nan, kuɗi ya gani, ba sana'a ba.

Ɗan Runjin Sambo: To likita, maganar magani na janye tunda ka yi bayani. Amma ɗaya tambayar tana nan. Me ya sa ba su bi ta hannu ba? Da duk wannan wahala ba ta taso ba.

Likitan Gawon Nama: A nan kana da gaskiya rabi. Bin wuyan hannu ya fi ƙarancin zubar jini, mutum na tashi da wuri, kuma yau shi aka fi so a fara da shi in zai yiwu. Amma hanyar cinya ta riga ta wuyan hannu. Dabarar shiga jijiya da allura da waya da kowa ke amfani da ita, wani likita mai suna Seldinger ne ya fito da ita a Suwidin a 1953. Aikin buɗe jijiyar zuciya da balan-balan na farko, wanda likita Gruentzig ya yi a birnin Zurik na Suwizalan a 1977, ta cinya aka bi. Ta wuyan hannu sai a 1989 likita Campeau ya bayyana ta a Kanada. Har yau akwai waɗanda dole a bi musu ta cinya: mai siririyar jijiyar hannu, wanda jijiyarsa ta maƙale ta ƙi ba da hanya, mai wankin ƙoda da ake adana jijiyoyin hannunsa, ko in aikin na buƙatar manyan kayan aiki. Ban ga takardunsa ba, ba zan yanke wa waɗanda suka yi aikin hukunci ba. Kuma wannan matsala tana faruwa ko a hannun gwani, a Masar da Indiya da ko'ina, ga mutane kaɗan cikin ɗari. Ta fi samun tsofaffi, mata, masu ƙiba, masu hawan jini, da waɗanda aka sa wa sitent fiye da waɗanda aka yi wa hoto kawai.

'Yar Mabera: Jama'a ga wata sabuwa. Ya sha maganin, amma ya ce ba inda za shi. Ya ce a Abuja ma da ya san nan za su buɗe da bai yarda ba, yanzu kuma a garinsu, inda yaran da ya koyar suke aiki a asibiti, ba zai je a kware masa zane ba. Ya ce in fita in ba shi wuri. Wallahi kuka nake yi ina rubutun nan. Mijina ya ce zai shiga ya yi masa magana.

Hajiyar Gwiwa: Kada ki bar mijinki ya shiga! Suruki ne fa. In ya ji surukinsa ya san maganar, sai ya ƙara kafewa. Da farko na ce a gasa, na ji bayanin likita na bar wannan. Amma halin dattijan garin nan na san shi. Ba 'ya ba, ba suruki ba, ba mata ba. Ki nemo amininsa, wanda suke zama tare bayan la'asar, wanda zai iya ce masa kai wane tashi mu tafi. Ko limamin masallacinsu. Ke kuma ki koma gefe, ki yi kamar ba ki san inda ciwon yake ba. Ki bar masa mutuncinsa, shi ne zai sa ya tashi.

Malam na Gidan Igwai: Hajiya ta faɗi daidai. Ki gaya wa wanda zai shiga wurinsa ya tuna masa cewa kunyarsa abin yabo ce, amma malamai ba su yi saɓani ba a kan halaccin buɗe al'aura ga likita gwargwadon lalura. Rai amana ne a hannunsa. Ba tsoron mutuwa za a nuna masa ba, dattijo irinsa zai ce ai kowa da ranarsa. A nuna masa cewa neman magani shi ma biyayya ce, kuma iyalinsa suna da haƙƙi a kansa.

Nas Arkilla: Kuma a gaya masa yana da damar ya ce namiji yake so ya duba shi, ya kuma ce kada ɗalibai su tsaya a kansa. Wannan haƙƙinsa ne, ba alfarma ba. Ba a tuɓe mutum gaba ɗaya, ana rufe shi da zane, wurin da ake buɗewa bai wuce tafin hannu ba. Ina aikin nan shekara da shekaru, abin da ya fi ci mini rai shi ne dattijan da ake kawo mana a makare, ba don ba kuɗi ba, sai don ciwon yana inda baki ba ya iya faɗa.

Kafin ku fita, Inna ta zagaye bakin kumburin da biro, don likita ya ga ko ya ƙetare layin. Kada ya hau kabu-kabu, kada ya hau keke mai ƙafa uku. Mota, a kwantar da kujerar gaba, ƙafar a miƙe. Ku ɗauki takardar sallama da duk magungunansa a kwalayensu. Kada ya ci abinci mai nauyi, ko za a buƙaci yi masa wani aiki. In a hanya kumburin ya taso farat ɗaya ko jini ya ɓalle, a kwantar da shi, wani ya sa hannu biyu ya danne da ƙarfi a kan wurin da ɗan sama da shi kaɗan, kada ya ɗaga don leƙawa, direba ya ci gaba da tafiya.

Baba na Kanwuri: Ɗiyata, ni nac ce ku kwantar da hankali don nawa bai harba ba, bai ƙaru ba. Wanga daban na. Ki hwaɗa mai wani tsoho ɗan'uwanai da anka yi ma aikin ga ya ce shi tashi shi tahi. Mu dut mun sha wagga kunya, ba ta kashe kowa ba.

'Yar Mabera: Alhamdu lillahi. Na kira amininsa, wani dattijo da suka yi koyarwa tare. Ya zo da carbinsa a hannu, ya shiga ya rufe ƙofa. Ban san abin da ya ce masa ba, na dai ji yana cewa "ɗauko hularka". Mijina ya ba da mota ya tsaya a gida, ƙanen Inna ke tuƙi. Ni da Inna muna bin su a baya.

Direban Illela: Allah ya sa a dace. Tambaya gare ni likita, don ni nake ɗauko irin waɗannan marasa lafiya. Anya ba tafiyar motar nan ce ta jawo ba? Daga Abuja zuwa Sakkwato yini guda ne cur, ƙafa a lanƙwashe, ga ramuka.

Likitan Gawon Nama: Ba zan ce ita ta huda jijiyar ba, amma zama yini guda da cinya a naɗe, ana jijjiga, ba ya taimakon hudar da ke ƙoƙarin rufewa. Doguwar tafiya kuma na da nata haɗarin daban, daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda alamarsa ita ce ƙafar gaba ɗaya ta kumbura, ba wuri ɗaya ba. In ka ɗauko irinsu, ka ba shi gaba, ka kwantar da kujera, ka riƙa tsayawa duk bayan awa ɗaya ko biyu ya sauka ya ɗan taka. Kuma iyali su tambayi likitan da ya yi aikin yaushe ya halatta a kama hanya, kafin su biya kuɗin mota.

'Yar Mabera: Barkanmu da safiya. Ku gafarce ni, sai yanzu na samu zama. Abin da likita ya zarga shi ne. An yi sikanin, mai hoton ya kira ƙanen Inna ya nuna masa a allo, ja da shuɗi suna juyawa a cikin wani aljihu, ya ce faɗinsa ya kai santimita 3. Sun kwantar da shi, sun auna jininsa sun ce bai yi ƙasa sosai ba, amma hawan jininsa ya hau, sun ƙara masa magani. Sun yi waya da likitan zuciyarsa, ya ce kada a taɓa asfirin da clopidogrel. Yanzu suna shawarar yadda za a rufe hudar. Likita don Allah me ake yi? Kada a ce wani yankan ne, Baba ba zai ɗauka ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, da muka koma kan takardar sallamar Abuja, an rubuta a dawo in wurin ya kumbura ko yana harbawa. Da Turanci, a shafi na biyu, ƙananan rubutu. Ba wanda ya zaunar da Inna ya gaya mata da Hausa, alhali ita kaɗai ce za ta iya ganin wurin.

Likitan Gawon Nama: Alhamdu lillahi da kuka je. Takaicinki yana kan hanya, kuma laifin namu ne mu ma'aikatan lafiya. Bayanin sallama ga wanda zai yi jinya ya kamata a yi shi, da harshen da yake ji.

Yanka shi ne na ƙarshe. Ƙanana, waɗanda ba su kai santimita 2 ba, sau da yawa sukan rufe da kansu, sa ido kawai ake yi ana maimaita hoto. Nasa ya wuce nan, ga magungunan da yake sha, don haka ba za a zauna jira ba. Hanya ɗaya, a aza kan na'urar hoton a daidai wuyan hudar a danne, ana kallo a allo, har jinin cikin aljihun ya daskare. Tana da ciwo, takan ɗauki lokaci, kuma ga mai shan maganin tsinka jini ba kullum take ci ba. Ta biyu, a sa siririyar allura ana kallon hoto, a zuba wani sinadari mai suna turombin a cikin aljihun, jinin ya daskare cikin daƙiƙoƙi. Ita ta fi ci, in akwai maganin da wanda ya iya, kuma in siffar hudar ta ba da dama. Tiyata sai in waɗannan sun gaza, ko aljihun na girma da sauri, ko ya danne jijiyar ƙafa, ko fata ta fara lalacewa, ko ƙwayar cuta ta shiga. Ki tambaye su wacce suka zaɓa da dalili, za su gaya miki.

Don zogi, farasitamol kawai. Kada wani ɗan dubiya ya kawo masa ibuprofen ko diclofenac daga kemis, suna ƙara haɗarin zubar jini in an haɗa da nasa. Jiƙe-jiƙe ma a ajiye su.

Uwar Biyu Minanata: Ina bin zancen nan tun jiya gabana na faɗuwa. Mahaifiyata ma an yi mata, mako uku ke nan. Akwai ɗan ƙulli mai tauri a wurin, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ba ya ciwo, ba ya motsi, ni na duba da kaina. Sun ba mu wani kati sun ce an sa mata abin toshe huda. Mu ma mu tafi?

Nas Arkilla: Yadda kika kwatanta, nata ya yi kama da wanda aka saba gani. In katin na Angio-Seal ne, wani ɗan toshi ne da jiki ke narkar da shi cikin kwana 60 zuwa 90, kuma ana jin ɗan ƙullinsa kafin nan. Ko ba shi, tabon cikin nama yakan yi makonni. Ki ajiye katin, ki nuna shi in za a sake yi mata wani aiki a wurin. Ki nuna wa likita ƙullin ranar da aka ba ku. Amma in ya fara girma, ko harbawa, ko ki ji yana kaɗawa zirrr a ƙarƙashin yatsa, ko wurin ya yi ja da zafi ko ruwa, ko ƙafar ta yi sanyi, ba jiran rana. Wanda ya fi ɓoyewa shi ne jinin da ke zuba ta ciki zuwa baya, ba ya nuna kumburi a waje sam, sai ciwon baya ko mara, jiri, zufa mai sanyi. Shi yawanci a ranar farko ko ta biyu yake zuwa, ku kun wuce nan.

'Yar Mabera: Jama'a an yi nasara, Allah ya saka muku da alheri. Dannewar suka yi. Ƙanen Inna ya ce Baba ya haɗa zufa sharkaf, yana ta salati, amma bai ce a bari ba. Sun sake hoto yau sun ce jini ya daina shiga. Kumburin yana nan da tauri, sun ce zai ɗauki makonni kafin ya narke. Gobe za a sallame mu, mu dawo hoto bayan mako guda. Yanzu damuwarsa salla. Yau kwana biyu yana yin ta a kwance, ransa ba daɗi. Ya ce da ya koma gida zai koma sahu.

Malam na Gidan Igwai: Ki ce amininsa ya karanta masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari. Shi ma ciwo ne a wurin kunya, basir, ya kai ƙara ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ya zauna a kujera ya miƙe ƙafar, ya yi nuni da kai, sujada ta fi ruku'u ƙasa. Ladansa cikakke ne in Allah ya so. Sahu yana nan yana jiransa.

Likitan Gawon Nama: Na gode Malam. Zaman tahiya da sujada suna naɗe cinya sosai, ya bari sai hoto na gaba ya tabbatar, likitansa ya ba shi izini. Haka tsuguno. Wannan shi muke mantawa, don takardun da ake ba mu an rubuta su ne don masu masai na zama. In na gidanku na tsuguno ne, a nemo masa abin zama. Kada ya yi yunƙuri a bayi, a ba shi ruwa da yawa da zogale da kayan lambu don cikin ya saki, balle da zafin garin nan. In tari ko atishawa ta zo, ya dafe wurin da hannu. Kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo 5 aƙalla mako guda, shi da aka sake taɓa wurin ma ya fi haka, sai yadda suka ce. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ko bokitin wanka a kai masa. Jikoki kada su hau masa cinya. Mashin ɗinsa a ɓoye makullin, musamman in mai buga ƙafa ne. Ya riƙa ɗan takawa a tsakar gida, kwanciya yini guda ita ma ba ta da kyau. Wurin ya zauna a bushe, wando sakakke, in zufa ta jiƙa bandejin a canza.

Ɗan Runjin Sambo: Alhamdu lillahi. Ƙanwata ki gaida Baba. Amma har yanzu ina kan bakana, in da hali a riƙa tambayar likita tun kafin a shiga ko za a iya bi ta hannu.

Likitan Gawon Nama: Wannan tambaya ce mai kyau, kowa ya yi ta. In ya ce ba zai yiwu ba, a nemi dalili.

'Yar Mabera: Zai ji in sha Allahu. Namu na tsuguno ne kuwa. Ina ake samun kujerar bayin nan a cikin gari? Ina so in kai ta gida yau kafin a sallame shi.

Hajiyar Gwiwa: Shagunan kayan asibiti da ke kusa da manyan asibitoci suna sayarwa, mai ƙarfe da hannuwa, ki tambaya nan inda kuke. In ta yi tsada, ki kai wa kafinta kujerar katako mai ƙarfi ya fafe tsakiyarta ya goge bakin. Kada ki yi da ta roba, tana tsagewa in an yanke ta. Ki auna tsayinta ya kai gwiwarsa ko ya ɗan fi, don kada ya sha wuyar tashi.